Jinyar manya ko ta taɓin hankali: wacce ta fi kai mutum ga bincike?

Ƙanwata, ki ɗauki jinyar manya. Kin ce bincike kike so ya zama aikinki, kuma kina tsakanin reshen manya da na taɓin hankali. To ƙofar bincike ta fi faɗi ta wajen manya, kuma shigarki can ba zai raba ki da lafiyar ƙwaƙwalwa ba, in ita ce ke ranki.

Wannan rabe-raben tun ranar farko tsarin Ingila ne. Can reshe huɗu ne: manya, yara, taɓin hankali, da masu naƙasar koyo. Karatun shekara 3 ne, awa 4,600, rabi a aji rabi a gefen gadon majinyaci, kuma hukumarsu ta NMC da sunan reshen da kika karanta take yi miki rajista. Nan gida Nijar ba haka ba ne. A ENSP, makarantar koyon aikin lafiya ta Damagaram, lisans ɗin jinya ta kowa da kowa ce: babba, yaro, mai ciki, duk sai kin taɓa su a sitaj, ƙwarewa kuma sai daga baya. A Najeriya ma yawanci sai an gama jinya gaba ɗaya ake wucewa makarantar taɓin hankali, irin ta Barnawa a Kaduna ko ta Aro a Abeokuta. Wanda ya dawo da takardar taɓin hankali kaɗai daga waje yakan sha tambaya wajen daidaita difiloma, domin CSI, ƙananan cibiyoyin lafiya namu, na buƙatar wanda zai iya sa ruwa, ya ɗinke rauni, ya duba zazzaɓi a rana ɗaya. Reshen manya shi ya fi kusa da abin da muke kira jinya a nan.

Ki dubi inda kuɗin bincike yake sauka a ƙasar nan. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai cututtuka masu yaɗuwa take bi, sanƙarau da zazzaɓin sauro da ire-irensu. Epicentre, reshen bincike na ƙungiyar likitoci ta MSF, tana da cibiya a Maradi, kuma ita ta gudanar da gwajin rigakafin zawon rotabirus a Madarumfa, wanda sakamakonsa ya fito a 2017: jarirai sama da 3,000, maganin da ke jure zafi, kariya wajen kashi 67 cikin ɗari daga zawon rotabirus mai tsanani. A Magarya da Mirya kuwa tamowa da zazzaɓin yara ne suka cika aikin ƙungiyoyi. Duk irin wannan bincike a hannun ma'aikatan jinya yake tafiya, kuma waɗanda ake ɗauka su ne masu hannun allura da jini.

Ga yadda safiyarsu take. Uwa ta zauna a tabarma da yaro a goye. Ma'aikaciyar jinya ba ta taɓa shi ba sai ta karanta mata takardar amincewa da Hausa, shafi bayan shafi, ta gaya mata tana iya ƙi, kuma ƙin ba zai hana a ba ɗanta magani ba. In uwar ba ta karatu sai a kira shaida wanda ba ya cikin ma'aikatan binciken, ta dangwala yatsa, shi ya sa hannu. Sannan a ɗebi jini. Kwalba mai murfi shunayya ta ƙidayar jini ce. Ana juya ta a hankali sau 8 zuwa 10, ba a girgiza ta, domin girgiza tana fasa jajayen ƙwayoyi, labo ya mayar da ita, a koma ƙauye neman yaron. Lamba ake liƙa wa kwalbar, ba suna ba, kuma a gaban uwar ake liƙawa, kafin a kira na gaba. Abin da ke son sanyi ya shiga gilasiyar tsakanin digiri 2 da 8, da ma'auni a ciki, a rubuta zafinsa lokacin tashi da lokacin isa. A watan Afrilu wannan kaɗai aiki ne. In an yi kuskure a takarda ba a goge shi da bulanko: layi ɗaya a kansa yadda za a iya karanta na farko, gyara a gefe, kwanan wata, baƙaƙen suna. In wanda ke cikin binciken ya kwanta asibiti ko ya rasu, ko da abin bai yi kama da yana da alaƙa da maganin ba, rahoto ya tafi cikin awa 24. Wadda ta shekara biyu tana wannan aiki da tsabta, ita ake ba jagorancin rukuni, ita ake rubuta wa takardar shaida in ta nemi bursi na mastar. Babu ajin da ke koyar da tsarin bincike kamar wannan tabarmar.

Jinyar taɓin hankali aiki ne mai daraja, kuma buƙatarsa ta fi ƙarfin masu yin sa; wanda ya leƙa sashen a babban asibitin Damagaram, ko ya ga abin da taramol ke yi wa samari, ya sani. Tana koyar da sauraro da iya tambaya fiye da kowane reshe. Amma guraben bincikenta kaɗan ne a nan, masu kula da ɗalibi har dokta kaɗan ne, kuma hannunki zai yi nisa da jini da ruwa da allura.

Hanyar da nake ba ki ita ce ki karanta manya, ki ɗora tambayar ƙwaƙwalwa a kan memuwar ɗinki, wato kundin binciken kammala karatu. Misali: damuwa mai tsanani ga masu tarin fuka, da ko tana sa su yar da magani kafin wata 6 su cika. Ko ga masu ciwon suga, ko mata bayan haihuwa. Takardun tambayar da ake auna damuwa da su suna nan: PHQ-9 tambaya 9 ce, maki 0 zuwa 27, ana yawan ɗaukar 10 matsayin iyaka, EPDS ta masu jego tambaya 10, SRQ-20 ta hukumar lafiya ta duniya amsarta i ko a'a ce. In ba ki san yawan matsalar ba tun farko, lissafin da aka saba na yawan mutanen da za ki tambaya yana ba da mutum 384, ki ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda waɗanda za su ƙi ko su ɓace. Mutum ɗaya ya mayar da tambayoyin Hausa, wani da bai ga na asali ba ya komar da su harshen asali, a gwada a kan mutum kaɗan kafin a fita. Tambaya ta tara a PHQ-9 kan tunanin kashe kai take. Kada ki yi ta sai kin riga kin shirya da likitan da zai karɓi wanda ya ce i, ranar nan, ba gobe ba. Takardun mhGAP, jagorar hukumar lafiya ta duniya kan lafiyar ƙwaƙwalwa, za su nuna miki matakan. Kuma babu takarda ko ɗaya da za a cika kafin izinin hukumar asibiti da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike.

Tun shekara ta biyu ki koyi KoboToolbox ta tattara bayanai a salula, da Epi Info ko R na nazarin alƙaluma a kwamfuta, duk kyauta ne. Ki nemi shaidar BPC, wato ƙa'idodin gwajin magani a jikin mutane. Ana yin darasin kyauta ta intanet. Ingilishi kuma dole ne, da shi ake buga mafi yawan abin da za ki karanta.

Ki yi hattara da ƴan damfara. Makaranta mai zaman kanta, ki nemi ganin takardar izininta daga gwamnati, ki tambaya ko ɗalibanta na zama jarabawar ƙasa, kafin ki ba da ko jaka ɗaya. Wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo miki gurbi a Ingila, ki bar shi: ta UCAS, hukumar neman gurbin jami'a ta can, ake nema, kuma NMC ta jera makarantun da ta amince da su a fili. Akwai masu rubuta wa ɗalibai memuwar da kuɗi, su cika takardun tambaya a ɗaki ba su ga majinyaci ko ɗaya ba. Ranar kare memuwar a gaban malamai tambaya biyu ke tona su. Akwai kuma mujallun da ke aiko saƙo su ce za su buga aikinki cikin mako ɗaya in kin biya. Kafin ki tura musu komai ki nuna wa malaminki sunan mujallar.

In kin shiga, ki roƙi majo, shugaban ma'aikatan jinya, ya sa ki sitaj a sashen tarin fuka da na taɓin hankali duka biyu kafin ki zaɓi jigon memuwar.