Sibelius: ta biyu ko ta bakwai, wacce za ka fara saurara?

Jean Sibelius, mawallafin kiɗa ɗan ƙasar Finlan (1865–1957), ya bar simfoni guda bakwai, wato dogayen kiɗan da babbar ƙungiyar makaɗa ke yi.

Ta biyu ita ce mai farin jini. Ya fara tsara ta a Italiya a 1901, aka buga ta a Helsinki a 1902, lokacin da Rasha ke matsa wa Finlan lamba. Sassa huɗu gare ta, kusan minti 45, kuma ƙarshenta na tashi da ƙarfi har jama'a suka ɗauke ta kirarin neman 'yanci. Madugun makaɗa Robert Kajanus na cikin waɗanda suka yi mata wannan fassara.

Ta bakwai kuwa, wadda aka fara bugawa a Stockholm a 1924, sashe ɗaya ce tal, minti ashirin da 'yan kai. Saurinta na sauyawa ba tare da ka lura ba, sautin kakakin turombon kuma yana fitowa sau uku.

Sabon kunne ya fara da ta biyu. Ni dai ta bakwai na fi komawa, domin babu inda ta yi surutun banza. Ta takwas da duniya ta daɗe tana jira, ƙone ta ya yi a gidansa na Ainola.