Tasi mara direba a Arizona

Yaya, bayan gaisuwa. Zancen da ka ji na motocin da ke tuƙa kansu ba ƙarya ba ne. A nan Phoenix ta jihar Arizona, kamfanin Waymo ya fara ɗaukar jama'a ba direba tun 2020. Da waya ake kiran motar. In ta iso ka shiga, ka ɗaura bel, ka taɓa allo, sai ka ga sitiyari na juya kansa, kujerar direba wayam. Akwai na'ura a rufinta da ke ta juyi tana auna nisan duk abin da ke kewaye, a allon kuma kana ganin mai keke tun kafin idonka ya kai kansa.

In aka haɗa ta da tasi mai direba ta nan, a wajen natsuwa ta yi gaba: ba ta wuce ƙa'idar gudu, ba latsa waya, ba gyangyaɗi. Sai dai ba mai ɗaga maka akwati, kuma iyakarta unguwannin da aka zana mata taswirarsu. Garin ma ya rufa mata asiri, tituna masu faɗi, ruwan sama sai jefi-jefi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, in an yi ɓarna, wa za a kama? A 2018 motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kashe wata mata da ke tsallaka titi da kekenta cikin dare a Tempe, nan kusa da mu. Kwamfutar ta hango ta amma ta kasa gane mutum ce, an kuma kashe birkin gaggawa na motar, matar da aka ɗora ta sa ido kuwa hankalinta na kan waya. Ita aka gurfanar. Kamfanin bai fuskanci tuhumar laifi ba. Wannan rabon laifi bai kwanta mini ba har yau.

Kalifoniya ta fi zafi. A 2023 a San Francisco wata mota mai direba ta buge wata mata, ta wurga ta gaban tasi mara direba ta kamfanin Cruise, ita kuma ta ja ta kusan mita 6 tana neman gefen titi. Cikin watan hukumar motoci ta jihar ta dakatar da lasisin kamfanin, ta ce bai nuna mata bidiyon haɗarin gaba ɗaya ba. Kowace jiha da tata dokar ke nan, ko da yake tun 2021 gwamnatin tarayya ta wajabta wa kamfanonin kai rahoton haɗurra. Birtaniya ta raba gardama da dokar 2024: muddin motar ce ke tuƙi, kamfanin da aka ba izini ke amsa laifin tuƙin, ba wanda ke zaune ciki ba. Da a ce ni ake tambaya, irin wannan doka zan fara rubutawa kafin mota ko ɗaya ta hau titi.

A gaida Umma da yara.