Hattara da masu gina gidaje da ke jan ƙafa bayan sun karɓi kuɗinku

Assalamu alaikum jama'a. Da ɗacin rai nake rubuta wannan, saboda abin da ya sami ƙanena a hannun wani kamfanin gina rukunin gidaje a Abuja. Ba zan kama suna ba, maganar tana hannun lauya. Salon nasu nake so ku gane, domin ba su kaɗai ke yin sa ba.

Ƙanena ma'aikacin gwamnati ne. Ya ga talla a Facebook, ya je ofishinsu, aka ɗauke shi a mota aka nuna masa gida guda da aka gama tsaf, da tayil da fenti da fitilu. Aka ce irin wannan za a gina masa, ya ba da kafin alƙalami, ya riƙa cika sauran kashi-kashi, cikin wata 12 a danƙa masa makulli. Ya sayar da filinsa na gado a Zariya, matarsa ta sayar da gwal ɗinta, suka zuba.

Gini ya kai linta ya tsaya cik. Da farko aka ce damina ce. Da ruwa ya ɗauke aka ce injiniya ya yi tafiya, daga nan kuma wai ana jiran sa hannun hukuma. Kullum ya kira sai "a ƙara haƙuri Alhaji, wata mai zuwa za a ɗora rufi." Da uzurori suka ƙare, sai aka jingina laifin ga siminti.

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa tarko, don maganar tana da ƙamshin gaskiya. Kowa ya san an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata daraja a watan Yuni, kuma a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Rodi da kwanon rufi duk sun tashi, magina masu amana ma sun ji jiki. Sai dai ƙanena ya biya mafi yawan kuɗinsa tun kafin tsadar. Ina kuɗin suka shiga? Daga baya muka gane da su aka kama wani fili aka kafa sabon allon talla. Kuɗin sababbin masu saye kuma da su ake ɗan jera bulo a tsohon wurin, a ɗauki hoto a tura wa masu ƙorafi. Shi jinkirin nan da shi suke cin abinci.

Ana cikin haka sai ga wasiƙa: farashi ya ƙaru, ko ya cika cikin kwana 30 ko a ba wani gidan. Sai a ranar muka zauna muka karanta yarjejeniyar da ya sa wa hannu. Babu ranar miƙa gida a ciki, "ana sa ran" kawai aka rubuta. Idan shi ya makara da biya akwai tara, idan su suka makara babu komai. Idan ya ce a mayar masa da kuɗinsa, sai an zabtare wani kaso, kuma sai bayan an sami wani mai sayen. Ku duba fa, kuɗin da a lokacin za su gina gida, yau ko rabinsa ba za su kai ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne a bakin ginin. Mun je dubawa muka tarar da wani dattijo, ɗan fansho, shi ma ya zo duba gidansa. Ya zaro takardarsa, ƙanena ya zaro tasa, lambar gida ɗaya. Bawan Allah nan kuɗin sallamarsa na aiki ya zuba gaba ɗaya. Da lauya ya yi bincike a AGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen Abuja, sai ga shi filin ma ba da sunan kamfanin yake ba.

Takardar rabon gida da kamfani ke bayarwa ba shaidar mallaka ba ce. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha, kuma sai da amincewarsa ake mayar da mallakar fili mai satifiket zuwa sunan wani. A Abuja minista ke da wannan ikon. Saboda haka kafin ka ba da ko sisi, ka nemi lambar fayil ɗin filin, lauyanka ya bincika, ba lauyan kamfani ba. A Kano hukumar KANGIS ce ke riƙe da bayanan filaye, izinin gini kuma a hukumar KNUPDA. A Kaduna takwarorinsu su ne KADGIS da KASUPDA. Kada takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da aka maƙala a bango ta ruɗe ka, ita dai shaida ce cewa kamfanin yana da suna, ba ta ce yana da fili ba.

Wanda ya riga ya shiga kuma ya ga an fara yi masa gobe-jibi, don Allah ya riƙe sauran kuɗinsa, ya kai yarjejeniyar wurin lauya a ga matsayinsa. Ka daina dogara da waya, ka rubuta musu wasiƙa su buga hatimin karɓa, ka nemi ranar miƙa gida a rubuce. Kada ka sa hannu a sabuwar takarda don an ce za a sauya maka fuloti a wani sabon wuri, da yawa ta nan ake shafe tsohon alƙawari. Kada ka tura kuɗi asusun wani manaja ko dillali. Ka nemo sauran masu saye ku haɗa kai, don da ba mu haɗu da dattijon nan ba da har yau muna jiran rufi. Akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, idan kuma gida ɗaya aka sayar wa mutum biyu, wannan zamba ce, a kai ta EFCC ko wurin 'yan sanda.

Ƙanena har yanzu yana gidan haya a Mararaba da matarsa da 'ya'ya huɗu, kuma mai gidan ya ƙara masa kuɗi bana. Shekaranjiya wani abokin aikinsa ya turo masa sabon tallan kamfanin nan, yana tambayarsa ko ya san su.