Tsohon Hatimin Sarƙar Agogo: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Kafin 1840, a Ingila ana biyan kuɗin wasiƙa ne gwargwadon yawan takardu, don haka ba a cika sa ambulan ba. Naɗe takardar ake yi, a ɗiga mata jan kaki, a danna hatimi. Shi ya sa masu hali ke rataya ɗan hatiminsu a sarƙar agogon aljihu. Da kan sarki ya fito a 1840, ambulan mai gam ya biyo baya, sai hatimin ya koma kayan ado. Wannan sauyi shi ya raba kasuwar gida biyu.

Na farko, hatimin aiki, na kafin hawan Sarauniya Biktoriya a 1837 da 'yan shekarun bayansa. Dutsensa a sassaƙe yake, da tambarin gida ko haruffan suna, kuma rubutun a juye, don ya fito daidai a kan kaki. Yawanci ba ya ɗauke da tambarin awon gwal, domin doka ta yafe wa ƙananan kaya da dama. Kada rashin tambari ya kore ka. Na biyu, na ƙarshen ƙarni na 19, sau da yawa mai juyawa, dutse biyu ko uku sumul babu zane. Ya fi araha, ya fi sauƙin tantancewa, amma bai taɓa ganin kaki ba.

Wajen ƙarfe ne ake cin mutane. Sai a 1854 aka halatta gwal mai karat 9, 12 da 15, saboda haka duk dillalin da ya nuna maka hatimi mai lamba 9 ya ce na 1800 ne, ko bai sani ba ko yana gwada ka. An soke 12 da 15 a 1932. A cikin tambarin awon gwal, hoton angar jirgin ruwa alamar Birmingham ce, kan damisa ta Landan, harafin da ke gefe kuma shi ke nuna shekara. Ƙaramin hoton sarki ko sarauniya shaidar biyan haraji ce tsakanin 1784 da 1890. Akwai kuma haɗin jan ƙarfe da tutiya mai kama da gwal, wanda maƙerin agogo Christopher Pinchbeck ya ƙirƙiro, da wanda aka lulluɓe da siririn gwal. Duba zoben ratayawa, nan ne gogayya ke tona abin da ke ciki.

Dutse ko gilashi? Dutse ya fi sanyi a kunci, layukansa na da kaifi. Gilashin da aka zuba a mazubi yakan nuna kumfa a madubin ƙara girma. Gilashi ba lallai jabu ba ne, James Tassie, ɗan Sikotilan da ya rasu a 1799, ya yi suna da shi, sai dai kada a karɓi kuɗin dutse a kansa.

Ni dai da a ba ni tsantsar gwal marar zane, gara mai lulluɓi da sassaƙa mai kyau. In a intanet za ka saya, nemi hoton da aka danna shi a kan kaki, da na gefen da dutsen ya zauna. Dalma ko gam a wurin na nufin an sauya dutsen, ko an haɗa tsoho da sabo.