Tsiro a gwangwani: wasiƙa daga Burton

Yaya, ina gaisuwa, da fatan su Inna da yara duk suna lafiya. Kin ce in daina damun ki da zancen sanyi, in riƙa ba ki labarin abin da ake saye da sayarwa. To ga wani, amma kada ki ce ƙanwarki ta lalace a Turai.

Garin da nake, Burton, a bakin kogin Trent a Ingila, garin giya ne kamar yadda Funtuwa take garin auduga. Ranar da na sauka ƙamshin dafaffen hatsi ne ya tare ni, sak irin wanda ke tashi a Kakuri idan iska ta juyo daga wajen kamfanin giya. Tun 1777 kamfanin Bass ya kafu a nan. Sirrin, in ji su, yana cikin ruwan rijiyoyin garin mai wani gishirin dutse, har masu dafa giya a wasu garuruwa sukan zuba irinsa a ruwansu don ya yi kama da na Burton. Ragowar yis ɗin ma ba a zubarwa, da shi ake yin Marmite tun 1902, wani baƙin abu mai gishiri da suke shafa wa burodi. Na ɗanɗana sau ɗaya, ban ƙara ba.

Maƙwabcina wani dattijo ne da ya yi ritaya daga tuƙin tirela. Baba nake ce masa, yana jin daɗi. Wata Asabar ina shanya a bayan gida sai na ji ƙamshin nan kusa kusa, ashe daga ɗan ɗakinsa na katako yake fitowa, giya yake dafawa. Ya yafito ni ta kan shinge. Na ce, "Baba, ka san ba na sha." Ya ce ya sani, kallo kawai zan yi.

Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne babu hatsi ko ƙwaya ɗaya a wurin. Babu jiƙo, babu buhun da ake lulluɓe dawa da shi, babu zuwa inji. Gwangwani biyu ne kawai, kowanne kilo 1.5, cike da wani abu mai danƙo, launin maɗi, yana zuba a hankali kamar zuma a lokacin hunturu. Tsiron sha'ir ne da kamfani ya jiƙa, ya tsirar, ya busar, ya tatse ruwan zaƙin ya dafe shi har ya yi kauri. Wato duk wahalar kwana da kwanaki da matan gidan burukutu ke sha kafin su ɗora tukunya, an yi ta an rufe a gwangwani. Wani kamfani, Muntons, a Stowmarket yake yin sa, kuma ba sai ka je kanti ba: ka yi oda ta waya, ɗan aike ya ajiye maka a bakin ƙofa.

Ya juye shi a babbar tukunya da ruwa, ya tafasa, sannan ya watsa wani busasshen fure kore da suke kira hof. Shi ne ke kawo ɗacin, shi ya sa sunan giyar ma "mai ɗaci". Iri biyu ya nuna min, Fuggle da Goldings. Na murza ɗaya a tafin hannu, ƙamshi kamar ɗanyar ciyawa da ɓawon lemo, ya bar min danƙo a yatsa. Kashi na farko awa guda yake dahuwa don ɗaci, na biyu sai saura minti 10 a sauke, don ƙamshi. Daga nan ya tace a bokitin roba, ya cika da ruwan sanyi zuwa lita 23, ya jira ya huce zuwa wajen digiri 20, ya barbaɗa yis daga 'yar takarda kamar wadda muke saya ta fanke.

Rabin aikinsa wanke-wanke ne, wallahi. Cokali ma sai ya sha magani kafin ya taɓa ruwan, wai ƙwayar cuta ɗaya ta isa ta mayar da bokitin gaba ɗaya ruwan tsami. Na yi dariya a raina, don tsamin da yake gudu shi ake nema a burukutu. Sai dai ita burukutu kwana ɗaya biyu ta juya, tasa kuwa bayan mako guda a bokiti sai ya ɗura a kwalabe da rabin ƙaramin cokalin sukari, ta yi watanni a ajiye. Yana da wani ma'auni na gilashi da yake tsomawa: ranar farko 1.040, idan ya sauka wajen 1.010 ya san yis ya cinye zaƙin, ƙarfinta ya kai kashi 4 cikin 100. Kofinsu na mashaya ya ɗan haura rabin lita, kuma bokitin nan kofi 40 yake bayarwa, a kuɗin da bai kai na kofi 10 a mashaya ba. Tun 1963 gwamnati ta cire lasisin yi a gida. Ka yi iya son ranka, sayarwa ce kawai doka ta hana.

Da na gaya masa a Najeriya an hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoni suka koma kan dawarmu, bai yarda ba sai da ya duba a waya.

Yanzu ga inda abin ya shafe ni. Kafin a sa yis babu abin maye a cikin gwangwanin nan, irinsa ne a cikin Milo da Ovaltine da lemon malt da muke sha a biki. Har a kantin kayan gina jiki ana sayar da shi a kwalba. Sai na ce to, ai na huta, ga tsiron kunun zaƙi a sauƙaƙe. Na sayi gero a shagon 'yan Afirka, na jiƙa, na markaɗa da citta da kanumfari, na dama, na zuba cokali uku na abin nan a madadin tsiro, na rufe ya kwana.

Da safe na buɗe, kunu yana nan kirtif kamar koko. Zaƙi akwai, amma bai tsinke ba ko kaɗan. Baba ne ya warware min: abin da ke cikin ɗanyen tsiro mai narkar da gasara ya mayar da ita zaƙi, zafin dahuwar kamfani ya riga ya kashe shi. Haka na sha kokona da cokali kwana biyu.

Saboda haka na koma hanyar Inna. Yau kwana biyu ke nan da na baza jiƙaƙƙiyar dawa a kan tawul kusa da hita, ina yayyafa mata ruwa safe da yamma, har ta fara fitar da fararen baki. Baba kullum sai ya leƙo ya gani, shekara 40 yana dafa giya bai taɓa ganin hatsi yana tsira a hannun mutum ba. Don Allah ki tambayar min Inna, tsawon tsiron ya kai ina kafin a shanya? Kuma a nan babu rana, in na busar a oba da ƙaramar wuta, zai yi ko zan sake kashe shi?