Na ƙara wa tsohuwar Dell ɗina ram a titin Emir Yahaya

Masu shagunan buga takardu irina da ke lallaɓa tsofaffin kwamfutocin tebur, ga shawarata kai tsaye: akwai wani matashin mai gyara a titin Emir Yahaya a Sakkwato da ya cancanci a kai masa aikin ƙarin ram, wato ma'adanar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a lokacin. Amma a ɗauki injin ɗin a kai masa, kada a aiki yaro da kuɗi a ce ya sayo "gig huɗu".

Tawa Dell OptiPlex 7010 ce, samfurin 2012, tokumbo na saye ta. A kanta nake buga wa ɗaliban foli furojet, in kuma tsara katin aure a CorelDraw. Ram ɗaya ce a ciki mai gig 4, kuma da zarar na buɗe Chrome tare da Corel sai ta tsaya tana nazari, kwastoma yana tsaye a kaina. Ƙanena ya ba ni ram biyu da ya ciro daga injinan da aka daina amfani da su, ɗaya gig 8, ɗaya gig 4. Su na ɗauka na tafi.

Abin da ya fara burge ni, bai soka komai ba sai da ya karanta 'yar takardar da ke manne a jikin kowacce. Mai gig 8 ɗin, wadda na fi sa rai a kanta, ya miƙo min ita. "Hajiya, wagga ba ta yi miki, ta saba ce." Ya nuna min rubutun da farce: PC3-10600R. Wannan R ɗin alama ce ta ram ɗin manyan injinan saba (server), irin waɗanda kamfanoni ke ajiye bayanai a kansu. Tana shiga gurbin lafiya lau, domin ita ma, kamar tawa, zubin DDR3 ce mai haƙora 240, amma kwamfutar ba za ta tashi ba. Ta tebur U take ɗauke da shi a ƙarshe. Irin masu R ɗin nan suna yawo a hannun 'yan tokumbo da araha, kuma arahar ce ke jan mutane.

Ta biyun, PC3-10600U, ta yi daidai, sai dai ba sa'ar tawa ba ce. Tawa Samsung ce mai gudun 1600, wannan kuwa Hynix ce mai 1333. A nan na zata zai ce sai na sayi tasa. Bai ce ba. Ya ce bambancin kamfani ba shi ne matsala ba, abin dubawa shi ne zubin ya zama DDR3 duka, wutar da suke ci ta dace da bod ɗin, wato babban allon cikin injin da ake soka su a kai, sannan in sani cewa duka biyun za su sauko su yi gudun mai rauni, wato 1333. Kamar a ɗaure shanun huɗa biyu ne, tafiyar sai ta koma ta wanda ya fi nawa. Na tambaye shi ko zan ji ragin. Ya ce a aikin Word da Corel, gig 8 a 1333 ta fi min gig 4 a 1600 nesa ba kusa ba. Gaskiyarsa ce, na gani da idona.

Kafin ya sa su ya busa cikin injin, ƙurar hunturu ta tashi har sai da muka kauda kai. Ya goge haƙoran ram ɗin da kilinan fensir, ya jera su a gurabe biyu masu maƙalli launi ɗaya, don su yi aiki a layi biyu lokaci guda. Ya buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan injin, ya nuna min an rubuta Dual, wato layi biyun suna aiki. Daga nan ya kunna MemTest86, manhajar gwajin ram, daga filas, ya ce ba zai karɓi ko sisi ba sai gwajin ya zagaya ba kuskure. Wannan ne ya saye ni. Ram ɗin da ba su jitu ba sukan tashi kamar ba komai, sai ana tsakiyar aiki allo ya koma shuɗi, furojet ɗin ɗan mutane ya tafi. Ga zafin Sakkwato na watan Afrilu da ke haura digiri 40, wanda ke tona asirin duk kayan da ke da rauni.

Na sake kai masa ƙaramar HP ɗin da yarinyar shagona ke aiki a kai, a nan na sayi ram a hannunsa. Ya gargaɗe ni tun kafin in biya cewa Windows ɗinta mai 32-bit ce, ba za ta iya amfani da cikakken gig 4 ba ma, balle fiye, sai an sauya ta zuwa 64-bit.

Inda ban ji daɗi ba: kayansa sun fi na cikin kasuwa tsada, kuma ba ya ragi yadda aka saba. Shagon matsattse ne, benci ɗaya, mace ba ta samun wurin zama a sake idan maza sun cika. In aka ɗauke wuta gwajin yakan tsaya sai ya tada janareta, don haka a je da safe, a kuma shirya barin injin ya yini. Rasit ma sai da na nema ya rubuta min, tare da alkawarin canji idan ram ɗin ta ba da matsala. A tabbatar an karɓi wannan takardar kafin a fito.