Kuɗi hannu da ragi, ko katin inshora: wanne ya fi sauƙi a asibitin Amurka?

Malam, ka ce likita ya tura ka hoton MRI na gwiwa, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki, masu ɗaukar hoton sun yi maka tayin ragi idan kuɗi hannu za ka biya, ga shi kuma kana da inshorar wurin aiki. Wanne za ka ɗauka?

Farashin da asibitin Amurka ke rubutawa tun farko kamar sunan da ɗan Kantin Kwari ke sa wa shadda ne kafin a fara ciniki. Da wuya ka ga wanda ya biya shi cif. Kamfanin inshora ya riga ya yi nasa cinikin, mai tsabar kuɗi ma akan sauko masa.

Mu ƙaddara hoton dala 2,000 ne a takarda, farashin inshora 900, na tsaba 500. Misali ne kawai.

Idan ka miƙa kati, sai an duba abin da suke kira didaktabul, wato kuɗin da dole ya fara fita daga aljihunka kowace shekara kafin kamfani ya sa hannu. A ce naka 3,000 ne, kuma bana ko allura ba a yi maka ba. To 900 ɗin nan kai za ka biya ta kaf, ga kati a aljihu. Nan mai tsaba ya fi ka da 400. Amma da ka riga ka cike wannan kason, sai ya zama wataƙila kashi 20 cikin ɗari ne naka, dala 180.

Tarkon tsaba shi ne, galibi 500 ɗin ba za ta shiga lissafin didaktabul ɗinka ba. Gwiwa kuwa ba ta da tabbas. Idan hoton ya nuna sai an yi tiyata, ka ga ka dawo farko, ba ka rage komai ba. Da inshora kuwa, abin da zai fita daga aljihunka yana da iyaka: dokar lafiya ta 2010, wadda ake wa laƙabi da sunan Obama, ta kayyade mafi yawan abin da za ka kashe a shekara a asibitocin da ke cikin tsarin kamfaninka. Mai tsaba ba shi da wannan katangar.

Shi ma mai tsaba doka ba ta bar shi haka ba. Tun 1 ga Janairun 2022 yana da haƙƙin a ba shi kiyasin kuɗi a rubuce kafin aiki, kuma idan takardar biya ta zarce kiyasin da dala 400 ko fiye, zai iya ƙalubalantarta. Sannan asibitocin da ba na neman riba ba wajibi ne su kasance da tsarin sassauci ga masu ƙaramin ƙarfi. Wasu har mai inshora suna dubawa. Mutanenmu kunya ke hana su tambaya, alhali fom ne kawai ake cikewa.

Ni a wurinka, lambar da ke bayan katin zan fara kira, in ji nawa ya rage a didaktabul, da ko sai sun ba da izini kafin hoton, don MRI sau da yawa haka yake. In likita ya riga ya ambaci tiyata, kati zan miƙa. In kuwa duba ce kawai kuma shekara ta zo ƙarshe ban cike didaktabul ba, in biya tsabata, in karɓi rasit.